Akwatin gwajin ruwa na DelAgua a hannun ɗaliban injiniya: abin da yake koyarwa da inda yake gazawa

Darasin kimiyyar muhalli da ake ba ɗaliban injiniya yakan ƙare ne a kan allo. A rubuta ma'anar gurɓatar ruwa, a jero muradun ci gaba mai ɗorewa goma sha bakwai na Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗalibi ya haddace na shida, wanda ya shafi ruwa da tsabta, ya juye a takardar jarrabawa, ya wuce. Shi ne kuma gobe zai nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse da inda za a gina sokawe a cikin fili ɗaya. Tun da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washington ta amincewa da digirin injiniya tsakanin ƙasashe a 2023, ana sa ran kowane sashe ya nuna abin da ɗalibi ya iya yi da hannunsa game da muhalli. Malamin da ya fita neman kayan aiki ɗaya da zai kai ɗalibai bakin ruwa ba zai daɗe ba zai ci karo da akwatin DelAgua.

An ƙera shi a tsakiyar shekarun 1980 a Jami'ar Surrey da ke Ingila, tare da ƙungiyar Oxfam, domin ma'aikacin lafiya da ke ƙauyen da babu lantarki babu ɗakin gwaji. An yi aiki da shi sosai a Peru tun farkonsa, daga nan ya bazu sansanonin 'yan gudun hijira da wuraren da kwalara ta ɓarke. Wannan asali shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma matsalarsa a jami'a: an yi shi ne don mutum ɗaya mai horo, ba don aji mai ɗalibi tamanin ba. A ganina ya cancanci kuɗinsa, amma sai an tsara darasin bisa iyakokinsa, kuma sai an ƙara masa wasu kaya.

Abin da ke cikin akwatin

Abu huɗu yake aunawa: ƙwayoyin kolifom masu jure zafi, waɗanda ke nuna ko najasa ta shiga ruwa, ragowar kulorin, tsamin ruwa, wato pH, da dagulewarsa. Akwai tukunyar ɗumi mai riƙe digiri 44 a ma'aunin Salshiyas, da batir mai volt 12 a jikin akwatin. Akwai ƙananan farantai 16 na alminiyom a jere cikin mariƙi. Akwai kayan tacewa: mazurari na ƙarfe mai alamun mililita 10, 50 da 100, wuyan roba mai kulle shi, faifan tagulla mai ƙananan ƙofofi, zobban silikon biyu, kofin ɗibar ruwa mai igiya, kofin da ruwan ke sauka ciki, da famfon hannu mai zuƙe iska. Sai hantsaki, gilashin ƙara girma, ma'aunin zafi, bututun auna dagulewa, da ɗan akwatin gwada launi da ƙwayoyin maganinsa. Sabo yana zuwa da kayan gwaji 200: takardun tacewa, auduga mai shan romo, wato abincin da ake rainon ƙwayoyin da shi, da garin romon.

Metanol, sifirit ɗin da ake tsabtace kayan tacewa da shi, ba ya ciki, domin ba a ɗaukarsa a jirgin sama. In ba a tanade shi ba, akwatin zai iso ya zauna a sito. Kuma dole metanol ne tsantsa. Sifirit ɗin kyamis da etanol ba za su yi ba, zan faɗi dalili.

Gwajin ƙwayoyin cuta, inda darasin yake

Ana fara aikin ne tun jiya, da haɗa romon da ƙwayoyin za su ci. Sunansa MLSB. Giram 38.1 na garin a cikin mililita 500 na tataccen ruwa shi ne awon gwaji 200. Kada a haɗa duka. Faranti ɗaya mililita biyu da rabi yake sha, don haka giram 3.8 a mililita 50 ya ishi farantai 16 har da saura. Inda wuta ba ta tsayawa, firiji ba abin dogaro ba ne, kuma romon da ya kwana biyu a zafi yakan dagule ko ya koma rawaya, sai zubarwa. A dafa shi minti 10 a otokilef, wato tukunyar tururi ta ɗakin gwaji, kan digiri 121, ko minti 15 a tukunyar firesha, murfin kwalbar a sassauce. A guji abin da ake sayarwa a bakin gareji da sunan ruwan batir, wani akwai asid a ciki, kuma romon da ya yi tsami tun kafin a fara ba zai nuna komai ba. Garin kansa yana jan danshi. In aka bar gwangwanin a buɗe da damina, zai dunƙule.

Yana da kyau ɗalibai su san abin da ke cikin romon, don daga nan ne sakamakon ke da ma'ana. Akwai sukarin madara, laktos. Akwai jan rini mai komawa rawaya idan ya haɗu da tsami. Akwai kuma ɗan sinadarin sabulu mai hana wasu ƙwayoyin girma. Kolifom na cin laktos ya fitar da asid, sai wurin da ya zauna ya yi rawaya. Zafin digiri 44 kuwa yana tankaɗe yawancin ƙwayoyin ƙasa da na ganye, ya bar waɗanda suka saba da cikin hanji.

Sai tsabtace kayan tacewa, kuma a nan ne masu ƙirar suka nuna basira. Ana goge kofin ɗibar ruwa da mazurari su bushe ƙarau. A zuba metanol kimanin mililita ɗaya a kofin, a kunna da laita, a bar shi ya ci na 'yan daƙiƙu, sannan a kifa kan tacewar a ciki ya toshe bakin. Wutar ta rasa iska, metanol ya ƙone rabi da rabi, sai ya ba da iskar fomaldihaid, ita ce ke kashe ƙwayoyin. Etanol ba ya ba da ita. A bar shi a rufe minti 15.

Kurakurai uku ne ke yawan faruwa a wannan mataki, kuma kowanne yana da sakamakonsa daban. In kofin da jiƙa, ruwan zai shanye iskar, ƙwayoyin samfurin baya su tsira, ruwa mai kyau ya fito da laifi. In aka ɗaure wuyan robar tamau, iskar ba za ta kai ƙarƙashin mazurari ba. Wuyan yana da matsayi na tsakiya, a sassauce amma bai cire ba, a nan ake barinsa. In kuma aka cika metanol, ragowarsa zai kashe ƙwayoyin samfurin da ake son aunawa, ruwa mai najasa ya fito fes. Wannan na ukun ya fi haɗari, domin babu wanda ke tuhumar sakamako mai daɗi. Shi ya sa ake ɗauraye kofin sau ɗaya da ruwan da za a gwada kafin a ɗiba.

Harshen wutar metanol ba ya ganuwa sosai da rana. A koya wa ɗalibai su ɗauka kofin yana ci har sai an rufe shi, a nisanta kwalbar daga laita, a yi aikin inda iska ke kaɗawa, domin fomaldihaid na cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Metanol kuma guba ne mai makantarwa, a ajiye shi a kulle.

Tacewar kanta minti biyar ce. A sa auduga a faranti, a jiƙa ta da romo, a tsiyaye abin da ya yi saura. A ƙona bakin hantsaki, a jira ya huce, a ɗauko takardar tacewa ta gefenta. Faɗinta milimita 47 ne, ƙofofinta maikuron 0.45, ruwa na wucewa amma ƙwayar bakteriya ba ta wucewa. A shimfiɗa ta kan faifan tagulla, gefen mai layukan murabba'i yana sama, a kulle mazurari, a zuba ruwa daidai alama, a ja famfo. Da ruwan ya ƙare a ɗaga takardar a kwantar da ita kan audugar daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, a hankali, kada iska ta maƙale a ƙasa. Duk inda kumfar iska ta zauna, romo ba zai taɓa takardar ba, gobe za a ga farin fili a tsakiyar ɗigon da ƙwayoyin ke yi idan sun girma. Hantsaki mai zafi yana huda takarda. Audugar da ta bushe ba ta ciyar da komai, wadda ta yi sharkaf kuma tana sa ɗigon su zarce cikin juna. Da hunturu, ƙura kaɗai ta isa ɓata farantin da aka bari a buɗe, don haka a ba iska baya, a rage surutu a kansa.

Ba a kunna tukunyar nan take. Ƙwayoyin da kulorin ko rana ta jikkata suna bukatar su farfaɗo, in aka jefa su cikin digiri 44 kai tsaye mutuwa za su yi, lissafi ya yi ƙasa. Ƙa'idar ita ce a jira aƙalla awa ɗaya bayan samfurin ƙarshe, kuma kada wani faranti ya wuce awa huɗu yana jira. Farantai 16 duka ake jerawa ko da wasu babu komai a ciki, don zafi ya ratsa daidai. Sannan awa 16 zuwa 18.

Matsalar lokaci

Wanda ya lissafa abin da na faɗa zai ga inda gizo ke saƙa. Tsakanin samfurin farko da na ƙarshe awa uku ne kawai. Kowane sabon samfuri yana cin minti 15 na tsabtacewa da kamar biyar na tacewa. Minti 180 a raba da 20, samfuri tara. Tukunya mai ɗaukar 16 ba za ta cika da kan tacewa ɗaya ba, ko da a hannun gwani ne, balle ɗalibin da yau ya fara riƙe hantsaki.

Mafita ta farko ita ce a sayi kan tacewa na biyu tun wajen odar akwatin, ɗaya na cikin iskar metanol, ɗaya na aiki. Ta biyu, a tace awo daban-daban na samfuri ɗaya a jere ba tare da sake tsabtacewa ba, daga ƙarami zuwa babba: mililita 1, sannan 10, sannan 100. Ta uku, a ɗebo ruwan a kwalaben da aka dafa, a sa a kula da ƙanƙara, a tace a sashe cikin awa shida. In ruwan famfo ne mai kulorin, a ɗiga wa kwalbar sodiyom tayosalfet kafin a dafa ta, mililita 0.1 na haɗin kashi 1.8 cikin ɗari ga kowane mililita 100, in ba haka ba kulorin zai ci gaba da kisa a hanya.

Daga cikin 16 ɗin ma biyu ba na samfuri ba ne. Faranti ɗaya na dafaffen tataccen ruwa ne, wanda dole ya fito babu ɗigo. In ya yi ɗigo, duk aikin ranar ya tashi. Ɗaya kuma na ruwan kwata da aka sirka sosai, wanda dole ya yi ɗigo; in bai yi ba, romon ko tukunyar na da matsala. Sashe da yawan ɗalibai zai so ya bar waɗannan biyun don kowa ya samu faranti. Kada a yarda. Su ne ke koya wa injiniya tambayar da ya kamata ya yi wa duk takardar sakamakon da ɗan kwangila ya miƙo masa.

Saboda haka akwati ɗaya rukuni ɗaya yake ɗauka a rana, mutum shida zuwa takwas. Aji mai tamanin zai ci makonni, kuma dole jadawali ya ba da yamma ɗaya da safiyar washegari. In aka kunna da ƙarfe uku na yamma, karatu tsakanin bakwai da tara na safe ne. Kada a fara ranar Juma'a sai in an tabbatar akwai mai buɗe ɗakin ranar Asabar.

Karatun faranti

Da an buɗe tukunya, minti 15 ake da shi, domin launi na canzawa idan farantin ya huce. Ana ƙirga ɗigo masu launin rawaya, faɗin milimita ɗaya zuwa uku, layi bayan layi. Masu ruwan hoda, ja, ko marasa launi ba sa cikin lissafi. A sa ɗalibi biyu su ƙirga faranti ɗaya, kowa ya rubuta nasa a ɓoye, sannan a gwama. Bambancin da ke fitowa yana buɗe mahawara fiye da kowace lacca, wani lokaci ma a nan ne ake gano ɗalibin da idonsa ba ya rarrabe launuka.

Sakamako ana ba da shi ne bisa mililita 100. Ɗigo 23 daga mililita 10 na nufin 230. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, NIS 554, bai yarda da ko ɗaya ba, haka ma Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma ga inda ɗalibin lissafi zai sami abin taunawa. Ƙwayoyi a ruwa a warwatse suke, ƙirgensu na bin rabon Poisson, don haka kuskuren ƙirge kusan tushen murabba'in adadin ne. Ɗigo 9 na iya zama 6 ko 12. Ɗigo 64 kuskurensa 8 ne, kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa ake neman awon da zai ba da ɗigo 20 zuwa 80. Ƙasa da haka lissafi na rawa, sama da ɗari kuma suna cunkushewa su hana juna girma. Wanda ya tace mililita 10 bai ga komai ba, abin da zai rubuta shi ne “ƙasa da 10”, ba sifili ba. Ko sifili a mililita 100 ma ba ya kore yiwuwar cewa matsakaicin ruwan ya kai uku.

Awon da za a tace ya danganta da ruwan. Na famfo da na leda, mililita 100. Rijiyar gida, 10 da 50. Kududdufi ko rafi, mililita ɗaya, kuma sai an fara zuba dafaffen ruwan sirki kamar mililita 10 a mazurari kafin a ɗiga shi, don ya bazu, in ba haka ba duk ɗigon za su taru wuri ɗaya. Ruwan damina mai laka yana toshe takardar kafin a kai rabi; a rage awo, kada a matsa wa famfo.

Aikin da ya fi dacewa da akwatin shi ne bin ruwa ɗaya daga tushe zuwa baki: bakin famfon burtsatse, jarkar ɗan garuwa, randar gida, moɗar da ake sha da ita. Binciken gidaje na MICS na Najeriya na 2016 zuwa 2017 ya sami E. coli, ƙwayar hanji mai nuna najasa, a ruwan sama da kashi 70 cikin ɗari na jama'a a wurin ɗiba, ya haura zuwa kimanin kashi 90 a kofin sha. Ɗalibin da ya ga farantin burtsatse fari fat, na randa kuma ya yi rawaya, ya gane da kansa cewa aikin ruwa bai ƙare a kan famfo ba. A haɗa masa da takardar duba tsabtar wuri: nisan masai daga rijiya da awon tef, ko ya kai mita 30 da ƙa'idojin agaji na Sphere ke nema, ko daɓen bakin rijiya ya tsage, ko guga na kwana a ƙasa, ko ruwa na kwanciya a gindin famfo. A maimaita wurin da rani da kuma bayan ruwan farko. Ladabi ma na cikin darasin: a yi sallama, a nemi izinin maigida ko mai unguwa, kuma a dawo a gaya musu abin da aka gani, da abin da za su iya yi a kai.

Kulorin, tsami da dagulewa

Waɗannan ukun minti biyar suke ci, kuma duk ajin na iya yi. Ƙwayar DPD mai lamba 1 tana mai da ruwa ruwan hoda gwargwadon kulorin da ke sake. A ƙara mai lamba 3 a kai, a jira minti biyu, a sami jimilla. Bambancinsu shi ne wanda ya riga ya haɗu da ƙazanta. Tarkon da ke nan shi ne kulorin mai yawa, daga miligiram 10 a lita zuwa sama, yana cinye launin, ruwan ya yi hoda na ƙiftawar ido ya koma fari. Ɗalibi sai ya rubuta sifili alhali warin na hawa hanci. A sirka da tataccen ruwa a sake.

Gwajin bokiti huɗu ne ya fi komai amfani a nan. Giram 15 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 a lita ɗaya yana ba da haɗin kashi ɗaya cikin ɗari. A cika bokitan roba huɗu, lita 20 kowanne, a ɗiga mililita 1, 2, 3 da 4 da sirinji, wato miligiram 0.5, 1, 1.5 da 2 a lita. A motsa, a jira minti 30, a auna. Bokitin da ya bar ragowar kusan 0.5 shi ne awon ruwan. In na mililita 3 ne, tankin lita 10,000 zai ci lita ɗaya da rabi na haɗin, giram 22.5 na gari ke nan. Daga nan ɗalibi zai iya fitar da kuɗin shekara na tsabtace tankin hostel ɗinsu.

Ma'aunin tsamin kuwa rauni gare shi. Jan rinin da yake amfani da shi daga 6.8 zuwa 8.2 yake gani, alhali ma'aunin ƙasa daga 6.5 zuwa 8.5 ne. Ruwan da yake 5.5, irin mai cin bututun ƙarfe, zai nuna 6.8 kamar lafiya lau. Abin da yake da amfani a kai shi ne sanin ko kulorin zai yi aiki, tunda a 7.5 rabinsa ne ke cikin siga mai kisa, a 8.5 kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Bututun dagulewa ma haka: ana zuba ruwa har baƙar alamar gindinsa ta ɓace, yana karanta daga 5 zuwa 2,000 a ma'aunin dagulewa. Biyar ita ce iyakar doka, don haka yana faɗin an wuce ko ba a wuce ba, amma ba zai bambanta 1 da 4 ba. Ya isa a gwada alif da garin ƙwayar zogale a kan ruwan rafi, bai isa a tantance aikin matatar ruwa irin ta Tamburawa da ke Kano ba. Duka biyun sashe na bukatar mita ta lantarki a gefe.

Zafi da batir

Tukunyar ɗumamawa take yi, ba ta sanyayawa. A Guildford, garin da Jami'ar Surrey take, wannan ba magana ba ce. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda inuwa ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, akwatin da aka bari a but ɗin mota ko ƙarƙashin kwanon da ba silin zai iya zarce 44 ba tare da an sani ba, alhali rabin digiri kawai aka yarda ya kauce. In ya yi sama, kolifom ɗin ma ba za su girma ba. In ya yi ƙasa, baƙin ƙwayoyi za su shigo lissafi. Da bazara a ajiye shi a ƙasa, a ɗaki mafi sanyi, a bar yawancin awannin su faɗa cikin dare. Kowane wata uku a duba shi da ma'aunin zafi da ɗan ruwa a ciki, da sanyin safiya, tsakanin 43.5 da 44.5 ake nema.

Batirin na dalma ne, cikakken caji na kai shi zagaye biyar yana sabo. Abin da ke kashe irinsa shi ne zama babu caji, kuma kayan jami'a sun saba zama: dogon hutu, yajin aiki, makullin da ya tafi da mai shi. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin cajinsa ko da ba a aiki da shi. Yana karɓar wuta daga batirin mota ko na sola ta wayar da ke zuwa da shi. Ɗaliban lantarki na iya sa mita su auna wutar da yake ci a dare ɗaya, su fitar da girman faifan sola da zai riƙe shi.

Ƙananan sassa ne ke saurin ɓata. Faifan tagulla da zobban silikon suna faɗawa cikin yashi idan aka kifa kan tacewa da gaggawa, kuma babu su babu aiki. In famfo ya ƙi riƙe iska, yawanci baƙin zoben roba ne ya bushe, a shafa masa man silikon. A zubar da ruwan kofin ƙasa bayan kowace tacewa kada famfo ya zuƙe shi.

Abin da ba ya gani

Kolifom mai jure zafi ba daidai yake da E. coli ba. A ruwan ƙasashe masu zafi, musamman mai ruɓaɓɓen ganye, Klebsiella da danginta na girma a digiri 44 su yi rawaya ba tare da sun fito daga hanji ba. Ƙididdigar zamani ta koma kan E. coli kai tsaye, da faranti irin Compact Dry, ko tiren Colilert, ko jakar Aquagenx wadda ba ta bukatar tukunya a yanayi mai ɗumi. Waɗannan sun fi sauri, sun fi sauƙi ga babban aji, amma ledarsu da robarsu sau ɗaya ake amfani da su, kuma ba sa koya wa hannu komai. Farantan DelAgua kuwa tafasawa ake yi minti 10 a sake. Gwama sharar da kuɗin gwaji ɗaya a hanyoyin biyu aiki ne mai kyau ga darasin ɗorewa. Kishiyarsa ta kusa, akwatin Potatest na kamfanin Wagtech, hanya ɗaya suke bi, kuma duk abin da na faɗa kan lokaci ya shafe shi.

Babban haɗarin shi ne ɗalibi ya fita da tunanin cewa farin faranti na nufin ruwa ya sha. Akwatin ba ya ganin naitiret da ke tsatsowa daga masai da taki, wanda iyakarsa miligiram 50 ne a lita. Ba ya ganin dalma, mai iyakar 0.01, ko kuromiyom ɗin majemu. Ba ya ganin fuloraid. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse mai fuloraid fiye da ninki uku na iyakar 1.5 ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshen 1990, kuma irin wannan ruwan na iya wuce gwajin kolifom ba ɗigo ko ɗaya. Ya kamata a ba da wannan labarin a ranar da aka karanta farantin farko, ba a ƙarshen zango ba.

Kuɗinsa ya haura fam dubu, kuma takardu da romo da ƙwayoyin DPD duk da kuɗin waje ake sabunta su, suna da ranar lalacewa. Sashen da ke da ɗakin nazarin ƙwayoyin cuta mai tsayayyar wuta, kayan tacewa na tebur za su fi masa arha. Wanda ba shi da shi, ko yake son ɗalibai su fita unguwa, ya saya, amma a takardar odar ya haɗa da kan tacewa na biyu, faifan tagulla da zobba na ajiya, jerin farantai 16 na ƙari, mitar pH, mitar auna gishirin ruwa, da takardun gwajin naitiret. A gida kuma ya tanadi metanol lita ɗaya, kula, da tukunyar firesha wadda ba za a taɓa dafa abinci a ciki ba, domin a cikinta ne za a dafa takardun da suka yi ɗigo, minti 15, kafin a zubar da su.